Daga Ƙofar Wambai zuwa Zaitun: abin da na gani a kudancin ƙasar Sin

Yayana ne ya saba zuwa Guangzhou saro takalma. Ni aikina koyar da tarihi a wata sakandare da safe, da yamma in zauna masa a shago a Ƙofar Wambai. Bana ciwon ƙafa ya zaunar da shi, likita ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce in shirya in je a madadinsa. Ya ba ni jerin kaya da lambobin mutanensa, ya haɗa da gargaɗi: "Malam, kuɗin mutane ne a hannunka. In ka gama da kasuwa ka je ka kalli duk kangon da ranka ke so, amma ba kafin nan ba." Na ce to, Yaya.

Biza ta ci takardar gayyata daga kamfanin da yake hulɗa da su, da zuwa Abuja a ɗauki hoton yatsu, da ɗan jira. Mun zaɓi watan Nuwamba saboda an tashi daga babban baje kolin Canton na birnin Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kuɗin masauki ya sauko. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Addis Ababa da dare, sai zaman sa'o'i goma da ɗoriya wanda ba abin da ya bar mini sai ciwon baya.

A filin jirgin Baiyun na fara ganin yadda mutanen nan ke karɓar baƙo. Babu tsawa, babu "Alhaji me ka taho mana da shi", babu wanda ya kalli aljihuna. Na'ura ta ɗauki yatsuna da fuskata, jami'ar ta bi fasfo ɗina shafi-shafi, ta tambayi otal ɗin da zan sauka da wanda ya gayyace ni, ta sa na nuna tikitin komawa. Wani ɗan Najeriya da ke gabana gefe aka ja shi, aka buga wa mai gayyatarsa waya kafin a buga masa hatimi. Duk cikin ladabi aka yi, amma ka san an san da zuwanka.

Wanda ya tarbe ni yaro ne ɗan Maraɗi, ya yi karatu a ƙasar, yanzu tafinta da haɗa wa 'yan kasuwa kaya ne sana'arsa. Shi ya saita mini WeChat da Alipay, don ko mai gasa dankali a bakin titi da waya ake biyansa. WhatsApp da Facebook da Google kuwa ba sa aiki sai da dabara. Yuan ɗaya ya haura naira 200 a lokacin, shi ya sa ko ruwa na saya sai na yi lissafi.

Otal na farko da muka shiga, yarinyar da ke kan kanta ta dubi fasfo ta girgiza kai, wai na'urarsu ba ta rajistar 'yan ƙasar waje. Ɗan Maraɗi ya tuna mata cewa tun 2024 hukuma ta ce kada otal ya mayar da baƙo a kan wannan dalili. Ta yi murmushi, ta maimaita abin da ta faɗa. Muka ja akwati zuwa unguwar Xiaobei, na sami ɗaki mai tsabta, ƙarami ainun, a kan yuan 180. A nan ya karanta mini doka: baƙo sai an yi masa rajista da 'yan sanda cikin sa'o'i 24, otal ne ke yi masa, in kuma a gidan wani ya sauka da ƙafarsa zai je. Wanda bizarsa ta ƙare yana zaune, tarar yuan 500 ce a kowace rana har ta kai 10,000, ban da tsarewa da kora. "Yaya, fasfo a aljihu kullum," in ji shi, "ko shago za ka leƙa."

Xiaobei unguwa ce da in ka rufe ido sai ka rasa a wace ƙasa kake. Ka ji Hausa, ka ji Zabarmanci da Bambaranci da Faransanci da Larabci, ga Basine yana ce maka "zo, aboki, araha". Ginin Tianxiu cike yake da shaguna da ofisoshin masu aika kaya. Abinci bai ba ni wahala ba: Musulmin ƙabilar Hui masu fararen huluna suna jan taliya da hannu a gabanka, su zuba romon sa, kwano yuan 15. 'Yan Uygur na gasa naman rago a tsinke. Tuwo ma akwai, a wani ɗaki a saman bene, sai dai kuɗinsa ya ninka na taliya sau uku. Tsofaffin hannu sun ce unguwar ta rage cika sosai in aka kwatanta da shekarun baya, kyamarori da rumfunan 'yan sanda ne suka ƙaru.

Sai da na zaga kasuwannin takalma na kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na tattara samfura da farashi, sannan na ba idona haƙƙinsa. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda dubban mutane ke taruwa, baƙi da farare da jajaye, har sahu ya cika farfajiya ya shiga ƙarƙashin itatuwa. A cikin harabar akwai hubbaren da Musulmin Sin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Littattafanmu sun ce a Aƙiƙ kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a, kuma a kan haka nake. Na faɗa wa wani dattijo Bahui hakan ta bakin ɗan Maraɗi. Bai yi fushi ba, ya ce shi dai abin da kakanninsa suka gaya masa ke nan, kuma Musulunci bai zo nan da ƙafarsa ba, wani ne ya kawo shi. Abin da kundin daular Tang ya tabbatar shi ne jakadun Halifa Usmanu sun iso fadar sarki Gaozong a 651.

Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, yuan 2, zuwa masallacin Huaisheng. Ginin salon Sinawa ne, rufi mai lanƙwasa da ginshiƙan katako, amma hasumiyar daban take: zagayayya, ruwan toka, ba ado ko kaɗan, tsawonta mita 36. A da bakin kogi na kusa da ita, ana kunna fitila a samanta don jiragen da ke shigowa da dare. Yau kogin ya ja baya, benaye sun kewaye ta. Wannan yanki shi ne unguwar baƙi a zamanin Tang. Larabawa da Farisawa sun zauna a nan da shugabansu wanda hukuma ke naɗawa daga cikinsu, kuma wani littafin Larabci na shekarar 851 ya ce sarkin Sin ya ɗora wani Musulmi ya riƙa yi wa 'yan'uwansa shari'a, ya ja su sallar idi. Duk wanda ya san yadda Sarkin Zango yake a Kumasi ya san tsarin: ga unguwarku, ga babbanku, in ɗayanku ya yi laifi shi za mu tambaya. Mu ma a Kano mun yi irinsa a 2019, da aka naɗa Wakilin 'Yan China.

Zaman bai kasance duk lami lafiya ba. A 758 wasu Larabawa da Farisawa suka washe birnin suka gudu ta teku. A wajen 879 kuma ɗan tawaye Huang Chao ya ci garin, ya sa takobi a kan baƙi. Abu Zaid al-Sirafi ya ce Musulmi da Yahudawa da Kirista da Majusawa 120,000 aka kashe. Ko adadin ya yi yawa, kashin cinikin ya karye, ya daɗe bai ɗoru ba.

Wurin da ya fi ba ni mamaki kasuwar tufafi ce. Ɗan Maraɗi ya kai ni Shisanhang da sassafe don in duba wa matar Yaya riguna, muka tarar da turereniya, masu kura na gudu da dilolin kaya, 'yan mata na tallar riga ta waya kai tsaye. A daidai wannan fili ne rumbunan Turawa goma sha uku suka tsaya. A 1757 sarki Qianlong ya ce duk jirgin Turai da ke son ciniki, tashar Guangzhou kaɗai aka yarje masa, kuma a wannan ɗan tsiri na bakin kogi, a wajen ganuwa. Bature ba ya shiga cikin gari. Ba ya zuwa da matarsa. Laifi ne Basine ya koya masa yare. In lokacin ciniki ya wuce ya tattara ya koma Makau. Ba shi da damar magana da hukuma sai ta hannun wasu attajirai ƙalilan da aka ba lasisi, waɗanda su ne fatomansa, su ne dillalansa, su ne kuma masu tsaya masa in ya yi ɓarna. Babbansu, wanda Turawa ke kira Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa a 1834 ta kai dalar azurfa miliyan 26.

Ingila ba ta ji daɗin wannan ƙunci ba. A 1793 ta aiko Lord Macartney da kyaututtuka ya nemi ƙarin tashoshi da zaunannen jakada. Fadar ta ɗauke shi mai kawo gaisuwa kamar sauran, aka yi ta ja-in-ja kan ko zai faɗi ya sa goshi a ƙasa, sannan Qianlong ya rubuta wa Sarki George na Uku cewa ƙasarsa tana da komai, ba ta buƙatar ƙere-ƙeren kowa. A bakin ciniki gaskiyarsa ce. Ingila na shan shayin Sin, tana sayen siliki da tangaran, Sin kuwa azurfa kawai take karɓa. Maganin da kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya samo shi ne tabar ofiyom, wadda ake nomawa a Bengal, a yi gwanjonta a Kalkata, 'yan fasa-ƙwauri su shigo da ita duk da haramcin da aka sa mata. Kafin ƙarshen shekarun 1830 akwati kusan 40,000 ke shigowa a shekara, azurfar ta juya hanya.

Don in ga inda rikicin ya fashe na ɗauki jirgin ƙasa mai sauri daga tashar kudu zuwa Humen. Ana binciken jaka a ƙofa kamar a filin jirgin sama, fasfo ne tikitinka, kuɗin yuan 30 da 'yan kai, kuma kafin in gyara zama mun iso. Shiga gidan tarihin yaƙin ofiyom da ke garin kyauta ne. A harabarsa akwai tafkunan da Lin Zexu, jami'in da sarki Daoguang ya turo a 1839, ya sa aka haƙa. Ya tsare fataken Turai a rumbunansu sai da suka miƙa akwati sama da 20,000. Ba wuta ya sa ba, don mashaya na iya tonon ƙasar da ta tsotsi mayen. Ruwa ya sa aka cika tafkunan, aka zuba gishiri da farar ƙasa, aka farfasa tabar a ciki har ta ruɓe, in teku ta janye a buɗe mata ƙofa. Daga 3 zuwa 25 ga Yuni aka yi ana wannan aiki. Ya kuma rubuta wa Sarauniya Victoria takarda yana tambayarta da wane imani mutanenta ke sayar wa wasu guba don riba. Amsar da ta zo jiragen yaƙi ce.

Na je ganuwar Weiyuan a bakin ruwa, ƙarƙashin doguwar gadar Humen, inda tsofaffin igwa ke nan a ramukansu suna kallon mashigi. A wannan mashigi kwamanda Guan Tianpei ya mutu a Fabrairun 1841. A 29 ga Agustan 1842 aka sa hannu a yarjejeniyar Nanjing: tsibirin Hong Kong ya koma hannun Ingila, aka buɗe tashoshi biyar, Guangzhou da Xiamen da Fuzhou da Ningbo da Shanghai, aka kuma ɗora wa Sin diyyar dalar azurfa miliyan 21, har da kuɗin tabar da aka lalata. Yaƙi na biyu ya biyo baya, Ingila da Faransa suka washe fadar shaƙatawar sarki a Beijin a 1860, Ingila ta ƙone ta. Sinawa na kiran wannan zamani, har zuwa 1949, ƙarnin wulaƙanci.

Abin da ya tsaya mini a rai a matsayina na malami shi ne yaran makaranta. Ayari-ayari suke zuwa, kowane da malamarsa riƙe da tuta, a tsayar da su gaban mutum-mutumin Lin Zexu a yi musu bayani, su amsa da murya ɗaya. Ni da nake koyar da faɗuwar Kano a Fabrairun 1903 da yaƙin Burmi, sai na yi da gaske nake samun motar da za ta kai ɗalibaina Gidan Makama, ga shi a cikin gari. Ba na cewa duk abin da ake cusa wa yaran nan daidai ne. Labari ne da aka tace, gwamnati ce ta tace shi, kuma yana mata amfani. Amma yaron da ya tashi da shi ba zai taɓa kallon baƙo mai kuɗi da sakin jiki ba.

A bakin ganuwar wani tsoho mai ritaya ya tare ni da tambayar daga ina. Da ya ji Najeriya ya ce ai duka ɗaya muka sha, hannu ɗaya ne ya dake mu. Na ce masa ya fi haka kusa: mutumin da ya tura sojoji suka ci garinmu, Lugard, shi ne gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, shi ya assasa jami'ar can, har yau akwai titi mai sunansa a kan dutsen birnin, daga nan ya dawo ya haɗe mana Najeriya a 1914. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu, ya sa jikarsa ta ɗauke mu hoto. Na yarda da gaske yake. Na kuma tuna yarinyar kan kanta, ita ma da gaske take.

Da na koma Guangzhou na leƙa tsibirin Shamian da yamma. Bayan rumbunan nan sun ƙone a 1856, Turawa suka karɓi wannan wuri, Ingila kashi huɗu cikin biyar, Faransa ɗaya, suka haƙa mashigin ruwa ya raba su da gari, suka sa gadoji biyu masu ƙofa ana rufewa da dare. Reshe ya juye da mujiya: a da Bature ne ba ya shiga gari, yanzu ɗan gari ne ba ya shiga wurin Bature sai da izini. A 23 ga Yunin 1925 sojojin da ke tsibirin suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta daga tsallaken ruwa, sama da 50 suka mutu, kuma titin da ke gaban wurin da wannan kwanan wata ake kiransa. Yau amare ne ke zuwa ɗaukar hoto a gaban tsofaffin gine-ginen.

Sanyuanli kuwa, inda na je sayen jakunkuna, nan ne cibiyar 'yan'uwanmu Ibo. Kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwarmu suka san cewa a bayan waɗannan benaye akwai ƙaramin haikalin da manoman yankin suka taru a Mayun 1841, suka fita da sanduna da masu, suka kewaye wata rundunar Ingila a lokacin da ruwan sama ya jiƙe musu albarushi. A ma'aunin yaƙi ƙaramin abu ne, a littattafan Sinawa babba ne. Wani Inyamuri da ya shekara da yawa a garin ya ba ni labarin Afrilun 2020, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal, wasu suka kwana a ƙarƙashin gada, har shugaban majalisar wakilanmu na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zaunar da jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Ya ce a daren akwai Sinawan da suka kawo musu abinci da barguna a ɓoye, akwai kuma maƙwabcin shekara da shekaru da ya kau da kai.

Farashin Guangzhou bai yi mini ba, don haka muka yanke shawarar zuwa tushe, garin Jinjiang da ke lardin Fujian, inda ake ƙera takalman. Jirgin ƙasa ya ci sama da yuan 300 da rabin yini, ta duwatsu da ramuka da gonakin ayaba. Muka sauka a Quanzhou, wadda Larabawa ke kira Zaitun. A nan baƙar fata abin kallo ne. Yara na nuna ni, wata tsohuwa ta shafa hannuna ta duba yatsunta. Abinci ma sai da hankali, don naman alade na cikin kusan komai. Kifi da shinkafa da wani shagon taliyar 'yan Hui suka riƙe mu.

Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a nan a tsakiyar shekarun 1340, ya ce tashar tana cikin mafi girma a duniya, ya ga manyan jirage kamar ɗari, ƙanana kuwa ba sa ƙirguwa. Wannan mutumin ne, a 1353, ya zo Takadda a ƙasar Azbin, ya rubuta cewa ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno. Na riƙa tuna haka a titin Tumen, inda masallacin Qingjing na shekarar 1009 ke tsaye da bangonsa na dutse, ayoyi sassaƙe a jiki, ɗakin sallar ba rufi, ciyawa ta fito tsakanin ginshiƙai. A gefe akwai sabon ɗaki da Sarkin Oman ya biya kuɗin gininsa, a nan muka yi azahar, mu ƙalilan. Bango kusan ɗaya da masallacin akwai haikalin da hayaƙin turarensa ke turnuƙe titi, mutane na durƙuso ba masaka tsinke. A harabar haikalin Kaiyuan kuma an ajiye gangar wani jirgin ƙarni na 13 da aka tono daga laka a 1974, da abin da aka samu a cikinsa: itacen turare, masoro, ambar, da wuri, irin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi.

Gidan tarihin sufurin teku ya fi ko'ina riƙe ni. Ɗaki ne cike da duwatsun kabari da rubutun Larabci, wane ɗan wane, mutumin Farisa, mutumin Yaman, ya rasu shekara kaza ta hijira. Na tsaya ina karanta su da kaina, masu gadi na kallona, ina yi musu addu'a. Baƙi sun yi ƙarfi a garin nan fiye da ko'ina. Pu Shougeng, Musulmi ɗan asalin waje, shi ne shugaban kwastan, kuma shi ya miƙa birnin ga Mongol lokacin da daular Song ke faɗuwa. Mongol suka ɗora baƙi a saman 'yan ƙasa wajen muƙami da karɓar haraji. Daga 1357 zuwa 1366 wata rundunar Farisawa ta riƙe yankin da ƙarfin tsiya, da aka murƙushe ta fushin ya sauka kan duk mai dogon hanci, mai laifi da marar laifi. Daular Ming ta hau a 1368, ta hana talakawa cinikin teku. Duwatsun nan da yawa daga jikin ganuwa da harsashin gine-gine aka ciro su.

Amma Ming ɗin ce kuma ta tura Zheng He, Musulmi ɗan Yunnan, da ɗaruruwan jirage har sau bakwai tsakanin 1405 da 1433. A tudun Lingshan, wurin wasu kaburbura biyu da ake dangantawa da sahabbai, akwai allon dutse na 1417 da ke cewa ya zo ziyara kafin tafiyarsa ta biyar, wadda ta kai Adan da Mogadishu da Malindi. An kawo wa sarki raƙumin dawa, fada ta yi murna. Bayan 1433 aka ce tafiyar ta cika cin kuɗi, ga barazanar Mongol a arewa, aka bar jiragen suka ruɓe. Yau duk jami'in Sin da zai yi jawabi a Afirka da wuya bai ambaci Zheng He ba, ya ce mun zo da jirage ba mu ƙwaci ko taku ɗaya ba. Gaskiya ne bai kafa mulki a Afirka ba, sai dai a Silan, Sri Lanka ta yau, ya yi yaƙi har ya kamo sarki ya kai shi Nanjing, kuma wannan ba ya shiga jawabi.

Masana'antar da muka je tana Chendai, minti kaɗan a mota. Mai ita ya zaunar da mu a gaban teburin shayi, yana zuba mana a kofuna ƙanana, ana shanyewa yana ƙarawa, ba a taɓa maganar kuɗi ba sai da aka sauya ganye. Sunan zuriyarsu Ding, kamar dubban mutanen garin, har da masu Anta, kamfanin takalman wasanni. Da ya ga carbi a hannuna ya ce kakansu na farko Musulmi ne daga yamma, bayan kisan Quanzhou suka fake a wannan gaɓar suka saje. Shi ba ya salla, bai iya Fatiha ba, amma ranar tunawa da kakanni ba a ɗora alade a teburin. Ya sa direbansa ya kai mu zauren zuriyar, gini irin na Sinawa da rubutun Larabci a jikin katako. Na fito jikina a sanyaye.

Ciniki ya faɗa a kan yuan 16 da rabi kowane ƙafa biyu, bayan ya fara da 19, na ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami. Muna shirin tashi ɗansa, wanda ya iya Turanci, ya ce yana son ya zo Kano ya buɗe shago, wai me ya kamata ya sani. Na ce masa ya zo da kaya ya sayar mana sari, ko ya kafa masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ya ɗauki yaranmu aiki, za mu yi masa maraba. Amma ya zauna a kasuwa yana sayar da ɗai-ɗai a farashin gidansu, wannan 'yan kasuwa ba za su lamunta ba, kuma a 2012 hukumar shige da fice ta kama Sinawa a Kantin Kwari a kan irin haka. Ɗan Maraɗi ya fassara wa uban, sannan ya juyo yana dariya: "Yaya, saura ka ce kada ya zo da matarsa, kada a koya masa Hausa, ka zama Qianlong sak." Na ce ya yi dariyarsa. Qianlong yana da shayi da siliki da duniya ke layi a kansu. Ni garin da ya yi suna da jima da dukanci na baro, na zo sayen takalmin roba, kuma ribar da ke tsakanin sari da ɗai-ɗai ita kaɗai ta rage mana. Uban ya gyaɗa kai da aka fassara masa, ɗan bai gyaɗa ba.

Komawa Guangzhou da kai jakunkuna sito da biyan mai kwantena ba su da labari. A filin jirgi jami'in ya duba ranar shigata da ranar ƙarewar biza, ya buga hatimi bai ce uffan ba. A Kano kuwa tun kafin akwatina ya fito mutum uku suka yi mini sannu da zuwa mai ma'ana.

Yaron nan na Chendai bai haƙura ba. Yana turo mini saƙo ta WeChat, yana tambayar kuɗin hayar shago a Wambai da ko ana samun wuta a Sharaɗa. Ta biyun na amsa masa da gaskiya. Ta farkon na ce sai kaya sun iso Apapa, mun buɗe katan mun ga ko ɗinkin ya yi daidai da samfur, sannan mu yi wannan maganar.